Babi na Shida: Me Ya Sa Ake Yarda da Jaruman Waƙoƙin Dā?

Jarumin doguwar waƙar jarumta yana da siffofin da ba su cika sauyawa ba, ko daga wace ƙasa ya fito. Haihuwarsa ba irin ta kowa ba ce. Ƙarfinsa ya zarce na tsararrakinsa nesa ba kusa ba, yana da takobi ko doki mai suna, kuma makomar al'umma guda a wuyansa take rataye. Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, an ce kashi biyu cikin uku nasa na alloli ne, ɗaya ne kawai na 'yan Adam. Akilis na Girka ɗan wata allahiyar teku ne mai suna Tetis. Rustam na Farisa kuwa sai da aka tsaga cikin uwarsa aka ciro shi saboda girmansa. Masana irin su Lord Raglan a 1936 da Joseph Campbell a 1949 sun jera waɗannan siffofi, suka nuna cewa kusan zubi ɗaya ake maimaitawa daga wannan al'umma zuwa waccan. Abin da jerin nasu bai warware ba shi ne dalilin da ya sa mutane masu hankali, waɗanda suka san sarai ɗan Adam ba ya kokawa da kogi, suka yi ta sauraron waɗannan labarai har suna zubar da hawaye.

Shakkar ba ta zamani ba ce. Girkawa da kansu ne suka fara tuhumar Homa, mawaƙin da ake danganta wa Iliyad da Odisi, waƙoƙi biyu da yawancin masana suke ganin an tsara su wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya. Zenofanis ya zarge shi da jingina wa alloli sata da zina da yaudara. Tusididis, marubucin tarihi na birnin Atina, ya ɗauki lissafin jiragen ruwan da aka ce sun tafi yaƙin Turoi, wajen 1,200, ya duba cewa manyansu suna ɗaukar mutum 120, ƙananan 50, ya raba tsakani, sannan ya yanke cewa ko da an amince da ƙarin gishirin mawaƙi, rundunar ba wata mai yawa ba ce in aka tuna daga Girka duka aka tattaro ta. Ƙorafin Aflatun ya sha bamban. Shi bai ce Akilis ya fi ƙarfin a yarda da shi ba. Damuwarsa ita ce an yarda da shi fiye da kima. Jarumin da yake birgima a ƙasa yana kuka, yana zagin shugabansa, yana karɓar dukiya kafin ya saki gawa, samari za su gani su kwaikwaya, don haka gara a cire waɗannan wurare daga abin da ake koya wa yara.

Aristotal ne ya ajiye ma'aunin da har yau ake aiki da shi. A littafinsa kan fasahar waƙa ya nuna cewa gara mawaƙi ya zaɓi abin da ba zai taɓa yiwuwa ba amma hankali yana karɓarsa, da ya zaɓi abin da zai iya yiwuwa amma ba ya shiga kunne. Ya kuma nemi halin tauraro ya dace da matsayinsa, ya yi kama da na mutane, ya tsaya a kan turba ɗaya. Ke nan tambayoyi biyu ne ake yawan cakuɗawa. Ɗaya ita ce ko abin ya faru, ko zai iya faruwa. Ɗayar ita ce ko mutum irin wannan, in ya sami kansa a irin wannan matsi, haka zai yi. Manyan waƙoƙin jarumta sukan faɗi jarrabawar farko ko a jikinsu. Ta biyun ce ba sa wasa da ita.

Ƙarfi mai ma'auni

Kambamar zulaƙe tana da ƙa'ida a wurin Homa. Fiye da sau ɗaya ya ce jarumi ya ɗauki dutsen da mutum biyu na zamanin masu sauraro ba za su iya ɗagawa ba. Mutum biyu, ba ɗari ba. Dabarar ta tura abin can baya, zamanin kakanni da kowa ya riga ya amince sun fi na yanzu ƙarfi, ta kuma bar tazarar daidai inda tunani zai iya kaiwa. Bayan kimanin ƙarni bakwai, da Birjil na Rum ya ari wannan salo a waƙarsa ta Iniyas, sai ya mayar da biyun sha biyu. Amma nan take ya biya kuɗin ƙarin: Turnus, magabcin jarumin waƙar, ya ɗaga dutsen, gwiwoyinsa suka yi sanyi, jifan bai kai ga abokin gaba ba. A waƙar Biyawulf ta tsohon Turanci, mai layi 3,182, an ce damƙar jarumin tana da ƙarfin mutum 30. Shi ma ba kyauta aka ba shi ba, domin ƙarfin ne ya hana takubba yi masa amfani. A yaƙinsa na ƙarshe, yana tsoho bayan shekara 50 a kan mulki, takobin ya karye a hannunsa saboda saran ya fi ƙarfin ƙarfen.

Sai kuma ƙananan abubuwa na zahiri da ake kewaye abin al'ajabin da su. A 1879 wani likitan soja Bajamushe, Hermann Frölich, ya ƙirga raunuka 147 a cikin Iliyad, mafi yawansu na mashi, kuma sau da yawa an faɗi inda makamin ya shiga da inda ya ɓullo. Akwai wani kwalkwali da aka yi da haƙoran aladen daji, wanda mawaƙin ya siffanta dalla-dalla, aka kuma zo aka tono irinsa a kaburburan da suka girmi Homa da ɗaruruwan shekaru. Ana yanka dabba a gasa a raba, ana ɗaure dawaki, ana jan jirage bisa tudu. Wanda ya ga an faɗi gaskiya a kan abin da ya sani ba ya saurin ƙaryata abin da bai sani ba.

Wasu siffofin ma ba a taɓa nufin a ɗauke su a zahiri ba. Milman Parry, wani masani Ba'amurke, ya nuna tun a 1928 cewa laƙabobin da ake liƙa wa jaruman Homa tubala ne da mawaƙi yake cike awon layi da su yana cikin rerawa, ya kuma ƙarfafa hujjarsa da waƙoƙin mawaƙan baka da ya naɗa a ƙasar Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935. Shi ya sa ake yabon saurin ƙafar Akilis ko da yana zaune a tantinsa. Wanda ya saba jin makaɗin 'yan dambe yana kiran gwaninsa zaki ko giwa ba ya zuwa neman wutsiya, kuma haka masu sauraron Homa suka ɗauki irin wannan kirari.

Siffar da ta fi kowace hatsari ga yarda ita ce ta jarumin da ƙarfe ba ya cinsa, domin inda babu fargabar mutuwa babu jarumta. Mutane da yawa sun ɗauka Akilis ɗan tauri ne, wanda uwarsa ta tsoma shi a kogin ƙasar matattu tana riƙe da diddigensa. Wannan labari ba ya cikin Iliyad. A wurin Statiyus, mawaƙin Rum na ƙarni na 1 Miladiyya, aka same shi a rubuce. Akilis na Homa yana sa sulke ne don yana bukatarsa, kuma a kashi na 21 mashi ya same shi a hannun dama, jini ya zuba. Al'ummomin da suka ba wani tauri a labaransu kuwa sun ga dole su bar masa lago. Sigfirid na Jamus ya yi wanka da jinin dodo, amma ganye ya faɗo masa tsakanin kafaɗu. Isfandiyar na Farisa ido ne makasarsa. Sumanguru, sarkin Soso da Sunjata na Mali ya kora, ba ya jin ƙarfe sai kibiyar da aka kafa wa ɗan ƙahon nan na bayan ƙafar farin zakara.

Fushin Akilis

Iliyad tana da layi fiye da 15,000 a kashi 24, amma ba ta bi yaƙin shekara goma daga farko zuwa ƙarshe ba. Makonni kaɗan ta ɗauka a shekara ta goma, kuma jigonta fushin mutum ɗaya ne. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace wa Akilis wata baiwa mai suna Birisiyis da aka ba shi a rabon ganima. Akilis ya janye daga yaƙi, ya roƙi uwarsa ta sa a karya mutanensa don su san darajarsa. Mai karatu na yau yakan tsaya a nan ya ce, anya babban jarumi zai bar abokansa su hallaka a kan wannan? To amma a duniyar da waƙar ta ginu a kanta, ganima ita ce shaidar matsayi. Babu albashi, babu lambar girma. Abin da aka ba mutum a gaban jama'a shi ne ƙimarsa, abin da aka ƙwace masa a gaban jama'a shi ne tozarcinsa. Yawancin halayen da ake ganin ba su shiga hankali ba, kamar cika baki kafin karawa, da kuka a bainar jama'a, da tsayawa tsakiyar fagen fama a lissafa kakanni, a wannan duniya daidai suke. Matsalar ta nisan mai karatu ce da al'adar, ba ta mawaƙin ba.

Inda Akilis ya fito a mutum sosai shi ne kashi na 9. An aiko masa manzanni uku da tayin da ya ninka abin da aka ƙwace: zinariya, dawaki 12, mata bakwai, garuruwa bakwai, auren 'yar Agamemnon, ga kuma baiwar a mayar masa. Bisa al'ada ya kamata ya karɓa, manzannin ma haka suka zata. Ya ƙi. Ya shaida musu cewa hanyoyi biyu aka ce suna gabansa, ko ya tsaya ya mutu da ƙuruciya sunansa ya dawwama, ko ya koma gida ya tsufa ba wanda ya san da shi, kuma a lokacin ya karkata ga ta biyun, domin ya daina ganin akwai dukiyar da ta kai rai. Jarumin da yake shakkar amfanin jarumta ba shi mai sauraro ya zo nema ba. Sai dai kowa ya san irin mutumin da aka ɓata wa rai har lallashi ya daina shigarsa, wanda ya fara da ƙorafi a kan abu guda ya ƙare da tuhumar rayuwa gaba ɗaya.

Taurin kan ya ci abin da ya fi so. Ya ara wa amininsa Fatrokulas sulkensa, Hekta ɗan sarkin Turoi ya kashe shi. Daga nan ne abubuwan al'ajabi suka yi ta zuwa a jere. Akilis ya tsaya bakin ramin ganuwa ba makami ya yi ihu sau uku, rundunar Turoi ta ruɗe har mutum 12 suka mutu a turmutsutsu. Dokinsa ya yi magana, ya faɗa masa ajalinsa ya kusa. Ya cika kogi da gawawwaki har kogin ya taso masa. Abin lura shi ne lokacin da mawaƙin ya saki waɗannan: sai bayan an shafe kashi 17 ana sanin mutumin da abin da yake damunsa. Ko a faɗa da kogin ma ba shi ya yi nasara ba. Ruwa ya kusa cinye shi, ya kai kuka ga alloli cewa zai yi mutuwar wulaƙanci, sai da aka kawo masa ɗauki. Mawaƙin bai kuma wanke shi daga abin da ya biyo baya ba. Ya kashe wanda ya durƙusa yana roƙon rai, ya yanka samari 12 na Turoi a wurin ƙona gawar amininsa, ya ɗaure gawar Hekta a bayan keken doki yana ja kwana da kwanaki.

A kashi na ƙarshe tsohon sarki Firiyam, uban Hekta, ya shigo tantin Akilis da dare, ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya, ya tuna masa da nasa uban. Suka yi kuka tare, kowa yana kukan nasa. Ƙaramin mawaƙi da a nan zai mayar da Akilis waliyyi. Homa bai yi haka ba. Da tsohon ya matsa a hanzarta, Akilis ya gargaɗe shi da kakkausar murya kada ya tsokane shi. Ya kuma sa aka wanke gawar a inda uban ba zai gani ba, don gudun kada tsohon ya ga halin da take ciki ya fusata, shi ma ya fusata ya kashe baƙonsa. Mutum ne da ya san halinsa, yake kuma tsoron kansa. Tausayin ya zo, fushin bai tafi ba, kuma wannan ita ce turba ɗayar da Aristotal yake nema.

Hekta bai bukaci dogon aiki irin wannan ba, domin ɗan mutane ne uwa da uba. An gan shi ya miƙa hannu zai ɗauki jaririnsa, yaron ya firgita da gashin dokin da ke kan kwalkwalinsa, shi da matarsa suka yi dariya, ya cire ya ajiye a ƙasa. An kuma gan shi, bayan ya ƙudurta tsayawa, ya hango Akilis tafe sai zuciya ta karaya, ya zagaya birnin da gudu sau uku kafin ya juyo. Gudun bai rage masa daraja a idon masu karatu ba.

Bakin da labarin ya fito

Odisi ta fi Iliyad yawan abubuwan al'ajabi: ƙato mai ido ɗaya, matsafiya mai mayar da mutane aladu, iska a ɗaure cikin salka, ziyarar ƙasar matattu. Amma kusan dukkansu suna kashi na 9 zuwa na 12, kuma ba mawaƙin ne yake faɗarsu da bakinsa ba. Jarumin waƙar, Odisiyas, shi yake ba da su a wajen liyafa, a fadar mutanen da yake fatan su kai shi gida, alhali babu ko mutum ɗaya cikin abokan tafiyarsa da ya rage da rai balle ya gyara masa zance. Daga baya, da ya isa tsibirinsa na Itaka a ɓoye, an ji shi yana shirga ƙarya iri-iri a kan asalinsa, yana cewa shi mutumin tsibirin Kirit ne. Mawaƙin ya gaskata wasu abubuwan a wasu wurare, kamar makantar da ƙaton, amma nauyin bayanin ya bar shi a wuyan gwanin zance. Mai son yarda ya yarda, mai shakka kuma an bar masa ƙofa. Marubutan Hausa na farko sun san wannan dabara. Gandoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, shi yake ba da labarinsa da kansa, ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da kowa ya sani, sannan ya zarce ƙasashen aljannu.

Wayon Odisiyas shi ma yana da iyaka. Bayan ya kuɓuta daga ƙaton ta hanyar ɓoye sunansa, da ya ga jirgi ya yi nisa sai alfahari ya ci shi, ya ɗaga murya ya faɗi sunan da na ubansa da na garinsu, mutanensa suna hana shi. Da wannan suna ƙaton ya yi masa mugun baki, aka yi ta wahala. Shekara bakwai ya yi a tsibirin allahiya Kalibso, wadda ta yi masa tayin dawwama ba tsufa, ya zaɓi komawa wurin matar da ya san za ta tsufa. Da ya koma, ba da wata alama ta alloli tsohuwar da ta rene shi ta gane shi ba, da tabon da aladen daji ya bar masa a cinya ne tun yana saurayi.

Tarihi ba shi ne alƙali ba

Ana yawan neman kare jaruman nan da hujjar cewa sun taɓa rayuwa. Heinrich Schliemann ya tona tudun Hisarlik a ƙasar Turkiyya a shekarun 1870, aka sami birane a jibge bisa juna a inda ake kyautata zaton nan ne Turoi. Sunan Gilgamesh yana cikin jerin sarakunan Sumer, ko da yake jerin ya ba shi shekara 126 a kan mulki. Ibn Khaldun ya ambaci Mari Jata, wato Sunjata, a matsayin sarkin Mali da ya karya Soso. Duk wannan yana tabbatar da wuri ko suna, amma ba ya tabbatar da hali. Abin da ya sa ake yarda da Gilgamesh ba jerin sarakuna ba ne. Shi ne cewa bayan mutuwar amininsa Enkidu tsoron mutuwa ya kama shi, ya tafi neman dawwama, aka ce to ya gwada kwana shida da dare bakwai ba barci, yana zama barci ya kwashe shi. Kowace rana ana ajiye masa gurasa guda a gefensa don kada ya farka ya yi musu.

Waƙar Rolan ta Faransa ta fi kowace nuna yadda tarihi da yarda suke rabuwa, domin an san abin da ya faru. A 778 rundunar Sarki Sharlaman tana komowa daga Andalus, inda ta je bisa gayyatar wani gwamna Musulmi da ya ɓata da sarkin Kurɗuba, sai mutanen Bask suka yi wa bayanta kwanton ɓauna a mashigin Ronsebo. Ainhad, marubucin tarihin Sharlaman, ya ambaci Rolan cikin manyan da aka kashe, iyakarta ke nan. Bayan shekara kusan 300, a zamanin da ake shirin yaƙe-yaƙen Salibawa, waƙar ta mayar da 'yan Bask Musulmi 400,000 a kan Faransawa 20,000, ta kuma sa ana cewa Sharlaman ya haura shekara 200, alhali lokacin yaƙin bai kai 40 ba. Duk da haka zuciyar labarin tana tsaye. Oliba, abokin Rolan, ya roƙe shi sau uku ya busa ƙaho a kawo ɗauki, Rolan ya ƙi don kada a ce ya ji tsoro, sai da mutanensa suka ƙare sannan ya busa har jijiyoyin kansa suka fashe. Shugaban da girman kai ya hana shi neman taimako sai lokaci ya ƙure ba baƙo ba ne a kowane zamani.

Inda waƙar ta karye shi ne wurin abokan gaba. Ta nuna Musulmi suna bautar gumaka uku, abin da duk wanda ya san Musulunci ko kaɗan zai gane jahilci ne ko farfaganda. Homa ya ba mutanen Turoi iyaye da mata da 'ya'ya da addu'o'i irin na Girkawa, har ya rufe waƙarsa da jana'izar Hekta. Mawaƙin Rolan bai san abokan gabarsa ba, kuma rashin sanin ya rage wa jarumin nasa nauyi.

Inda yarda take yankewa

Jarumin da ya fi wahalar karɓa ba mai yawan ƙarfi ba ne, mai rashin aibu ne. An daɗe ana yi wa Iniyas na Birjil wannan suka. Birjil ya yi waƙar a zamanin Sarki Augustus, ya mutu a shekara ta 19 kafin Miladiyya bai gama gyara ta ba, kuma jarumin nasa yana ɗauke da nauyin zama kakan Rumawa. Aka umurce shi ya bar Dido, sarauniyar Kartaj, ya bar ta, ita kuwa ta kashe kanta. Masu karatu da yawa, har da Ogastin na Hippo a ƙuruciyarsa, Dido suka yi wa kuka. Sai a layukan ƙarshe, da Turnus ya faɗi yana roƙo, Iniyas ya fara sassautowa, ya hango ɗamarar saurayin da Turnus ya kashe masa, ya soke shi cikin fushi. Har yau ana gardama a kan manufar wannan rufewa, amma a nan ne mutumin ya fi fitowa daga cikin aikin da aka ɗora masa.

Firdausi, wanda ya kammala Shahnama a 1010, ya ba Rustam ɗaruruwan shekaru da doki mai kashe zaki, amma bai hana shi yin abin kunya ba. A kokawarsa da saurayi Suhrab, Rustam ne aka fara kayarwa. Ya tsira da ƙarya, ya ce a al'adarsu sai an kayar da mutum sau biyu ake kashe shi. Da ya sami tasa damar, kayarwar farko ya soke yaron, sannan ya ga alamar da ya bar wa uwar a ɗaure a damtsensa, ya gane ɗansa ne. Sarki Kaikawus yana da maganin da zai ceci yaron, ya hana. Haka abin yake ga Antar ɗan Shaddad. Sirarsa ta kumbura a bakin masu hira har ta kai shi Farisa da Rum da Habasha, amma abin da ya riƙe ta shi ne ɗan baiwar da ubansa ya ƙi amsa shi, yake kuma son 'yar baffansa Abla.

Da aka raba ƙarfin da irin wannan rauni, sai aka sami littattafan barade da suka cika Turai a ƙarni na 16, inda jarumi yake tarwatsa runduna shi kaɗai, a shafa masa magani ya miƙe, ya tafi wani yaƙin ba abin da ya sauya a cikinsa. Su ne Sabantis na Sifen ya yi wa ba'a a littafinsa Don Kihote, wanda kashinsa na farko ya fito a 1605. A farkon littafin, limamin coci da wanzamin ƙauyen sun shiga ɗakin karatun mutumin da waɗannan littattafai suka juya wa kai, suna tantance waɗanda za a ƙona. Yawancinsu wuta aka jefa su. Cikin 'yan kaɗan da limamin ya tsame akwai labarin barde Tirant, kuma dalilin da ya bayar shi ne baraden cikinsa suna cin abinci, suna barci, suna mutuwa a kan gadonsu, suna kuma barin wasiyya.